Asalin Sunan Banjo

Idan kaka ta yi a ƙasar Sabon Maci, an yanke hatsi an ɗaure dammuna, abin da ke saura a gona shi ne duma, yana kwance cikin yaɗonsa yana jiran ranar fafa. Daga gare shi ake samun ƙwaryar fura da ludayi da gora da masaki. Daga gare shi kuma ake samun abin kiɗa. A fafe shi, a rufe bakinsa da fata, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya biyu ko uku, a sa jaki ya ɗaga su daga kan fatar, shi ke nan an sami gurmi, wanda mu nan Nijar muka fi ce wa gurumi. Da shi marigayi Malam Maman Barka ya yi suna, da shi kuma Haruna Uji ya yi nasa a ƙasar Haɗeja.

To, ku sani wannan gurumin yana da ɗan'uwa a hayin teku, a Amurka, sunansa banjo. Wanda ya gan shi yau ba zai yi saurin gane dangantakar ba, don ya yi ƙiba ya yi ƙyalli: cikinsa kamar bandiri ne da aka ɗaure da ƙarafa, fuskarsa ta roba, tsirkiyarsa ta waya guda biyar. Amma kakansa da duma aka yi shi, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka su suka yi shi.

Wani likita Bature mai suna Hans Sloane ya sauka tsibirin Jamaika a 1687. Ya ga bayi suna kaɗa wani abu na duma mai dogon wuya, ya sa aka zana shi cikin littafinsa da ya fito a 1707. Shekara guda bayan haka wani marubucin Ingila, John Oldmixon, ya ambaci abin kiɗan bayin Barbados da sunan bangil. A 1736 wata jarida a birnin New York ta rubuta banger. A Surinam, wani soja mai suna John Stedman ya ji ana cewa bania. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, shi kansa kuwa mai ɗaruruwan bayi ne, ya rubuta banjar a 1781, ya kuma shaida cewa daga Afirka suka zo da shi. Kowane Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ba shi. Amma ku duba, duk sunayen da "ban" suka fara, kamar ƴaƴan gida ɗaya.

A tsibiran da Faransa ta mallaka kuwa, irin su Martinik da Haiti, sunan abin banza. I, banza, baƙi da wasali kamar yadda muke rubuta tamu. Bahaushen da ya ji wannan dole ya yi murmushi, ya ce ai ga asali nan a fili: wani malamin da aka kama bauta ne ya ga ana kiɗa, ya ce wannan aikin banza ne, sunan ya bi abin. Labarin da daɗi, sai dai ba shi da ƙafar tsayawa. Hausawa ba su ƙetare teku da yawa ba sai bayan yaƙe-yaƙen jihadin 1804, kuma yawancinsu Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su, inda suka yi wa iyayengijinsu bore a 1807 da 1814. A lokacin nan sunan ya yi kusan shekara ɗari yana yawo a tsibiran. Kama da wane ba ta wane.

Masana harshe sun fi karkata ga ƙasar Angola. A can akwai harshen Kimbundu, na mutanen Luwanda da kewayenta, kuma a cikinsa ana kiran wani abin kiɗa mai tsirkiya mbanza. Babu tashar jirgin ruwa a Afirka da aka fitar da bayi ta cikinta kamar Luwanda, saboda haka ba abin mamaki ba ne kalmar mutanenta ta rinjayi sauran a gonakin rake. Bature kuma bai iya fara kalma da "mb" ba, sai ya yar da baƙin farko, ya bar banza.

Waɗansu sun ce a'a, kalmar daga Turai ta fito. Girkawan dā suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya uku da suke kira pandura. Sunan ya bi bakuna har ya zama bandurriya a Sifaniya, bandurra a Fotugal, bandore a Ingila. Suka ce bayi ne suka ji wannan a bakin masu jirgi, harshensu ya lanƙwasa shi ya koma banjo. Tsofaffin ƙamusun Ingilishi wannan suka daɗe suna faɗa. Ni dai ina ganin har da son kai a ciki, irin na mutumin da ba ya so a ce bawansa ya zo da wani abu nasa na kansa, ko da suna ne. Duk da haka ba a kore ta gaba ɗaya ba, don Fotugis sun zauna a gaɓar Angola tun kafin 1600, kuma kalmomi biyu masu kama da juna kan haɗu a kasuwa su zama ɗaya.

Magana ta uku daga Gambiya take. Kabilar Jola ta can da ta Kazamans a kudancin Senegal suna da abin kiɗa na duma mai suna akonting. Wani ɗan Gambiya mai bincike, Daniel Jatta, ya nuna cewa sandar da ake yi masa wuya da ita Mandinkawa na kiranta da suna mai kama da bango, kuma daga wannan tushen ake cewa sunan birnin Banjul ya fito. Abin da ya fi sunan ƙarfi a nan shi ne hannu. Akonting yana da gajeriyar tsirkiya guda da babban yatsa ke taɓawa, manuni kuma yana bugun dogayen da bayan farce, yana sauka ƙasa. Haka tsofaffin makaɗan banjo na Amurka suke yi har yau.

Gaskiyar magana, banjo ba shi da uba ɗaya a Afirka. Masu bincike sun ƙirga irin waɗannan kayan kiɗa sama da sittin a Afirka ta Yamma, har da gurumi da garaya da molo namu, da hoddu na Fulani, da ngoni na Bambara, da halam na Wolof. Babu ko ɗaya a cikinsu mai shimfiɗaɗɗen wuya da kunnuwan murɗa tsirkiya. Waɗannan biyu a tsibiran aka aro su daga kayan kiɗan Turawa. Cikin Afirka aka ɗauki cikinsa, a Karibiyan aka haife shi.

Yadda ya fita hannun masu shi abin takaici ne. Wani farar fata ɗan jihar Birjiniya, Joel Sweeney, ya koya daga bayi, ya shiga yawo da shi wajen 1830 da ƴan kai. Daga 1843 ƙungiyoyin Turawa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya, banjo na hannunsu. Masana'antu suka karɓe shi, aka yar da duma aka sa katako da ƙarfe. Kafin makaɗi Earl Scruggs ya fito da salonsa na yatsu uku a 1945, yawancin mutanen Amurka sun ɗauka kayan Turawan ƙauye ne.

Sunan kuma bai daina tafiya ba. Ya komo Afirka, inda Tunde King ya sa shi cikin kiɗan juju a Ikko, Dahmane El Harrachi ya kaɗa shi a Aljeriya, ƙungiyar Nass El Ghiwane ta yi tashe da shi a Maroko. Amma ba duk banjo ne banjo ba. A ƙasar Yarbawa sunan mutum ne, guntun Adebanjo. A Masar da Sudan kuwa, kalmar da ake rubutawa da baƙaƙe iri ɗaya, ake furtawa bango, tabar wiwi take nufi, saboda haka makaɗin da ya sauka Alƙahira ya kula da bakinsa gaban ɗan sanda.

Banjo mafi tsufa da ya rage a duniya shi ne wanda Stedman ya ɗauko daga Surinam kafin 1780. Yana nan ajiye a gidan tarihi na birnin Leiden a ƙasar Holan. Rabin duma ne aka rufe da fatar tunkiya, tsirkiyarsa huɗu, uku dogaye, ɗaya gajera.