Wa Ke Da Ikon Hukunci A Fagen Dambe?

Dambe wasa ne da aka fi danganta asalinsa da mahauta, kuma lokacinsa na asali shi ne kaka, bayan an kawar da amfanin gona. A Jega da Aliero da Maiyama, ƙananan hukumomi uku na masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, kamar sauran ƙasar Hausa, al'ada ce ke riƙe da mafi yawan dokokin fage, ba takarda ba.

Abin da ake jayayya a kai

Ɗan dambe na naɗe hannu ɗaya da zare don kai naushi, ɗayan kuma ya yi kariya da shi. Ana yin turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa a kansa. Idan babu wanda ya faɗi, sai a tashi babu kisa. Gardama takan taso ne kan ko naushi ne ya kayar da mutum ko santsi, kan dukan wanda ya riga ya faɗi, da kuma zargin ɓoye abu mai kaifi cikin naɗi.

Masu iko

Alƙalin wasa ne ke raba 'yan dambe, shi ke tabbatar da kisa. Ubangida kuma shi ke tsaya wa yaronsa, shi ya sa ake kiran ɗan wasa "Shagon wane". A manyan gidajen dambe, 'yan wasa sun kasu ɓangarori kamar Kudu, Arewa da Guramada, kowanne da shugabanninsa. Horon da aka saba shi ne gargaɗi, dakatarwa ko kora daga fage.

Matsalar tana nan: mai gidan damben da ke karɓar kuɗin ƙofa, idan shi ne ya zaɓi alƙali, yana da riba a nasarar gwanin da ke tara masa jama'a. Wanda aka zalunta kuwa ba shi da wurin ɗaukaka ƙara.

Iyakar da doka ta gindaya

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi 'yancin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, ya kuma hana a kama shi da laifin da rubutacciyar doka ba ta fayyace ba. Saboda haka shugabannin fage na iya hana mutum wasa, amma ba su da ikon tsare shi ko sa a doke shi. Karaya na iya ƙarewa a hannun masu ɗori na Aliero, waɗanda suka yi suna a wannan sana'a. Asarar rai kuwa magana ce ta 'yan sanda da kotu.

Misalin maƙwabta

A Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tafiya ne ƙarƙashin hukuma, da rubutattun ƙa'idoji da alƙalan da ba na mai fage ba. Rashin irin wannan rabuwa tsakanin mai karɓar kuɗi da mai yanke hukunci shi ne babban giɓin da ke cikin damben ƙauyuka.