Yadda wasannin kwamfuta suka koma na'urorin talabijin

Da yawa daga cikin wasannin bidiyon da suka yi fice a na'urorin Nintendo da Sega a shekarun 1980 da 1990, ba don waɗannan na'urori aka ƙirƙire su ba tun farko. A kan kwamfutocin gida aka fara rubuta su, kafin daga bisani a mayar da su kan na'urorin da ake jonawa da talabijin.

Wannan ƙaura dai ba kwafa ba ce kawai. Sau da yawa sai an sake gina wasan daga tushe, abin da ya sa wasa ɗaya kan fito da kamanni daban-daban, ya kuma jawo ƙararraki a kotu.

Duniya biyu

A farkon shekarun 1980 kwamfutoci irin su Apple II da Commodore 64 da ZX Spectrum sun shiga gidaje a Amurka da Turai. Duk wanda ya iya rubuta manhaja yana iya ƙirƙiro wasansa a cikin ɗaki, ya zuba a faifai ya sayar, ba tare da neman izinin kowa ba.

A na'urorin talabijin kuwa labarin daban ne. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom a shekara ta 1983, sannan ya kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, bayan kasuwar wasannin bidiyo a ƙasar ta durƙushe saboda yawan wasanni marasa inganci.

Don kauce wa maimaita hakan, kamfanin ya sanya wa NES wani makulli na lantarki da ke ƙin duk kaset ɗin da ba shi da izini. Ya kuma ƙayyade wa kamfanonin da ya ba lasisi wasanni biyar a shekara, kana shi ne ke ƙera kaset ɗin da kansa.

Duk da tsaurin sharuɗɗan, kamfanoni sun yi ta rububin shiga, domin masu na'urorin suna da yawan gaske, kuma satar fasahar kaset ta fi ta faifai wuya.

Ƙarfin na'ura

Matsala ta farko ita ce ta wurin ajiyar bayanai. Commodore 64 tana da kilobait 64 na ma'adanar aiki, yayin da NES ke da kilobait 2 kacal, ko da yake tana karanta wasan kai tsaye daga kaset, kuma an ƙera ta ne musamman don motsa hotuna cikin sauri.

Wasan Lode Runner, wanda Doug Smith ya rubuta, ya fito a kan Apple II a 1983 da matakai 150. Da kamfanin Hudson Soft ya mayar da shi kan Famicom a 1984, sai aka rage matakan zuwa 50, aka ƙara girman 'yan wasan, har filin ya daina shiga fuskar talabijin baki ɗaya. Amma an sayar da kaset fiye da miliyan ɗaya.

Shekaru goma bayan haka an sake cin karo da irin wannan matsala a kan Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a 1993 yana buƙatar megabait 4. Super Nintendo kuwa kilobait 128 take da shi. Da aka fitar da wasan a kanta a 1995, sai da aka dasa wani ƙarin injin lissafi mai suna Super FX a cikin kaset ɗin, aka cire adon ƙasa da na rufi, aka kuma bar dodannin suna fuskantar mai wasa a kowane lokaci.

Matsala ta biyu ita ce ta sarrafawa. Kwamfuta na da maɓallai da dama da kuma linzami, amma hannun NES maɓallin nuna alƙibla ne da wasu guda huɗu. Dole ne duk wani umarni ya samu gurbi a cikin waɗannan.

Sharuɗɗan Nintendo

Reshen Nintendo na Amurka ya ɗauki na'urorinsa a matsayin kayan yara da iyali, don haka yakan tace abin da ke cikin wasanni. A Maniac Mansion, wanda ya fito a kan Commodore 64 a 1987 ya kuma isa NES a Amurka a 1990, an cire wasu kalamai da wani mutum-mutumi marar sutura.

A Wolfenstein 3D na Super Nintendo kuma, an share alamomin 'yan Nazi, an mayar da jini ya zama gumi, karnukan da ke kai hari kuma suka koma manyan ɓeraye.

Taƙaddamar Tetris

Babu wasan da ya fito da girman abin da ake rigima a kai kamar Tetris. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiro shi a tsakiyar shekarun 1980, a wata cibiyar kimiyya da ke birnin Mosko, a zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma daga nan aka mayar da shi kan kwamfutar IBM.

Wani ɗan kasuwa a Birtaniya, Robert Stein, ya samu izinin sayar da wasan na kwamfuta, amma izinin ya yi ta sauya hannu har kamfanin Atari Games na Amurka ya ɗauka cewa yana da ikon fitar da shi a kan na'urorin talabijin.

A watan Fabrairun 1989, Henk Rogers ya isa Mosko yana neman izinin saka wasan a Game Boy. A lokacin ne hukumar Elorg, mai kula da cinikin manhajojin Sobiyet da ƙasashen waje, ta gano cewa ana sayar da Tetris a kan Famicom ba da saninta ba.

Hukumar ta sa an fayyace ma'anar kwamfuta a yarjejeniyar Mista Stein: na'ura mai allon kallo da maɓallai da wurin saka faifai. Wannan ya fitar da na'urorin talabijin daga cikin izininsa, aka kuma ba Nintendo.

A watan Yunin 1989 wata kotu a Amurka ta dakatar da Tengen, reshen Atari Games, daga sayar da nasa Tetris ɗin, kimanin wata guda bayan fitowarsa. Na Game Boy kuwa an sayar da kimanin miliyan 35, amma Mista Pajitnov bai fara karɓar kasonsa ba sai a 1996.

Inda aka ci riba

Ba kullum ne ƙaura ke rage wa wasa armashi ba. Prince of Persia na Jordan Mechner ya fito a kan Apple II a 1989, lokacin da kasuwar kwamfutar ke ja da baya, kuma bai samu karɓuwa sosai ba sai da aka mayar da shi kan wasu na'urorin. A Super Nintendo an ƙara matakansa zuwa 20, aka ninka wa'adin kammala shi daga minti 60 zuwa 120.

Haka nan Nintendo da kansa ya sake gina SimCity na Will Wright a 1991, inda ya ƙara mai ba da shawara da ake kira Dr. Wright, ya kuma sa Bowser na wasan Mario ya zama dodon da ke rusa birni.

Sai dai adana asalin waɗannan ayyuka na da wuya, domin faifan wancan zamani na lalacewa. Ainihin rubutun manhajar Prince of Persia ya ɓace na tsawon shekaru, sai a 2012 aka gano faifansa a cikin wani kwali, inda Mista Mechner ya sanya shi a intanet don masu son nazari.