Jaruman da Hollywood ta ɗauko daga fagen daga: labarin York da Murphy

A watan Yulin 1941 Turai na ci da wuta. Hitila ya mamaye Faransa, ya kuma afka wa Rasha, amma Amurkawa da dama na cewa ba ruwansu, kada a sake kai 'ya'yansu mutuwa a ƙetaren teku. Ana cikin wannan ja-in-ja aka saki fim ɗin Sergeant York, inda Gary Cooper ya fito a matsayin Alvin York, wani manomi daga tsaunukan jihar Tennessee. Babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi a shekarar, Cooper kuma ya ci kyautar Oscar da shi. Wata biyar bayan fitowarsa Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta tsunduma cikin yaƙin.

York mutum ne na gaske, jarumtarsa ma ba ƙage ba ce. A ƙuruciyarsa mashayi ne, mafaɗaci, kuma gwanin harbi. Ya tuba a farkon 1915, ya shiga wata coci da ta hana zubar da jini. Da aka kira shi aikin soja a 1917 ya nemi a ɗauke masa, aka ƙi. Shugabanninsa biyu, Manjo Buxton da Kyaftin Danforth, suka zauna da shi suna buɗe Baibul aya bayan aya, suka ba shi hutu ya je gida ya yi shawara da zuciyarsa. Ya dawo ya ɗauki bindiga.

Ranar 8 ga Oktoba, 1918, a dajin Argonne na Faransa, aka tura mutum 17 ƙarƙashin Saje Bernard Early su zagaya ta bayan Jamusawa. Sun yi nasarar rutsa wasu, suna cikin tattara su sai mashingan ya buɗe musu wuta daga kan tudu. Nan take shida suka mutu, uku suka jikkata, har da Early. York, wanda kofur ne a lokacin, ya karɓi ragama. Ya riƙa ɗauke masu harbin ɗaya bayan ɗaya. Da wasu suka taso masa da wuƙaƙen bakin bindiga, sai ya zaro ƙaramar bindigarsa ya fara da na baya, yadda ya saba yi wa talo-talon daji, don kada na gaba su ga 'yan uwansu na faɗuwa su ɓuya. Shi da abokansa bakwai suka koma sansani da fursunoni 132.

To, me fim ɗin ya yi da wannan labari? Tubar da ta ɗauki lokaci, da roƙon uwa da wa'azin coci, an mayar da ita dare ɗaya: aradu ta faɗo kan bindigarsa, ya tashi sabon mutum. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne mutum bakwai ɗin nan da suka tsare fursunoni ana ruwan harsashi a kansu. A fim sun zama 'yan rakiya, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasunsu sun yi shekaru suna ƙorafin an danne rabonsu, shi kansa Early sai a 1929 aka ba shi babbar lambar yabo. Fim ɗin ya rufe da York yana karɓar gona da gida kyauta. A zahiri kuɗin da aka tara na sayen gonar bai cika ba, bashi ya hau kansa. Kuɗin fim ɗin ma, wanda ya yarda a yi bayan ya shafe sama da shekara 20 yana ƙi, don ya gina makarantar koyon Baibul, shi ya jawo masa rigima da hukumar haraji, sai da jama'a suka yi masa karo-karo a 1961.

Wannan ɗabi'a ta share wasu don a haska wasu ta shafe mu kai tsaye. A 1945 an yi fim mai suna Objective, Burma! inda Errol Flynn ya jagoranci sojojin Amurka a dazukan Bama. Turawan Ingila suka fusata, domin su da sojojin Indiya ne suka ɗauki mafi yawan nauyin wannan yaƙi, har aka janye fim ɗin daga gidajen sinimarsu, bai koma ba sai 1952. Su sun samu bakin magana. Kakanninmu da aka kwasa daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, babu wanda ya tada jijiyar wuya dominsu.

Labarin Audie Murphy ya fi na York taɓa zuciya, saboda shi ya fito a fim ɗin kansa. Ɗan talakawa ne daga Texas, mahaifinsa ya gudu ya bar su, mahaifiyarsa ta rasu yana matashi. Sojojin ruwa suka ƙi ɗaukarsa saboda ƙanƙantar jiki, yayarsa ta taimaka aka ƙara masa shekaru a takarda, sojojin ƙasa suka karɓe shi. Ranar 26 ga Janairu, 1945, kusa da ƙauyen Holtzwihr a Faransa, yana ɗan shekara 19, ya umarci yaransa su ja da baya cikin daji, ya haye kan motar yaƙi mai sulke tana ci da wuta, ya kama mashingan ɗin da ke kanta. Kusan awa guda yana tare sojojin Jamus shi kaɗai, da rauni a ƙafa, yana kuma riƙe da wayar da yake faɗa wa masu igwa inda za su harba.

Fim ɗin nasa, To Hell and Back, ya fito a 1955. Ya yi kasuwa sosai. Gaskiya dai wannan fim bai manta da matattu ba: ya nuna mutuwar amininsa, kuma a wurin ba shi lambar yabo ana nuna fuskokin abokansa da suka kwanta dama. Amma a nan aka tsaya, ranar fareti, ana kaɗa badujala.

Mutumin da ke gaban kyamara yana kwaikwayon kansa, idan ya koma gida ba ya iya barci. Bindiga cike da harsashi yake sawa ƙarƙashin matashi. Mafarkin yaƙi na tashinsa a firgice. Ƙwayar barci ta kama shi, har ya kulle kansa a ɗakin otal na mako guda don ya rabu da ita. A ganina a nan ne ya fi nuna ƙarfin zuciya, domin a zamanin da namiji ke jin kunyar faɗin irin wannan, ya fito fili ya ce abin da ke damunsa, ya roƙi gwamnati ta binciki halin da sojojin da suka dawo daga Koriya da Biyetnam ke ciki, ta kuma ɗauki nauyin maganinsu. Babu kamfanin da ya ga riba a wannan kashi na rayuwarsa.

Ya rasu a hatsarin jirgin sama a jihar Virginia ranar 28 ga Mayu, 1971, yana da shekara 45, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Sai a 1980, shekara tara bayan rasuwarsa, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan ciwo na firgicin bayan yaƙi cikin kundin cututtukan da suka amince da su.