Wayar da ta Haɗa Birnin Kebbi da Yamai

Tun ina yaro a Birnin Kebbi nake ganin dogayen turakun ƙarfe sun jeru sun nufi yamma, ban san inda suka dosa ba. Sai da na yi hankali na gane Yamai suka nufa, kuma tun 1976 suke ɗauke da wutar lantarkin Nijeriya zuwa Jamhuriyar Nijar. Zumunci ne, amma da lissafi a cikinsa. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya iso madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Da maƙwabciyar ta datse ruwan daga sama, da injinan Kainji sun ji a jikinsu. Saboda haka aka riƙa sayar mata da wuta domin ruwa ya ci gaba da gangarowa.

Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ita ta riƙe wannan amana shekara da shekaru. Da gazawarta ta ishi kowa, dokar 2005 ta kafa hukumar sa ido ta NERC, aka kuma rarraba tsohuwar hukumar zuwa kamfanoni 18: shida na samar da wuta, 11 na rabawa, ɗaya na dakonta. A Nuwamban 2013 'yan kasuwa suka karɓi na samarwa da na rabawa. Na dakon kuwa, wanda manyan wayoyi ke hannunsa, gwamnati ba ta sake shi ba. A ganina masu nazarin gyaran sun cika wuce wannan batu da sauri.

ECOWAS ta kafa tsarin haɗakar wutar Afirka ta Yamma a 1999, da burin lantarki ya zama haja mai ƙetare iyaka bisa yarjejeniya. Agustan 2023 ya gwada wannan buri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar bisa takunkumin ƙungiyar, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga gare ta yake zuwa. Yamai, Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu, masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka biya bashin da ba su ci ba. Babu wata hukumar sa ido da ta iya hanawa.

An maido da wutar a Maris ɗin 2024. Kafin lokacin, tashar hasken rana ta Goru Banda ta fara haska Yamai, kuma Nijar ta ƙara ɗora fatanta a kan madatsar Kandaji, a saman kogin nan da ke ciyar da Kainji.