Asalin Manufofin Koyo a Manhajar Jami'a

Duk wanda ya buɗe manhajar jami'a a yau zai tarar a kan kowane darasi an jera abubuwan da ɗalibi zai iya yi idan ya kammala shi. Masu shirya jarrabawa suna cikin waɗanda suka faro wannan al'ada, saboda wata matsala da ta dame su.

A shekarar 1929 Ralph Tyler ya kama aiki a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, inda ya riƙa taimakon malamai wajen gyara jarrabawarsu. A nan ya gano cewa ɗalibin da ya haddace bayanai ba lalle ne ya iya aiki da su ba idan aka kawo masa matsalar da bai taɓa gani ba. Don haka ya ce kafin malami ya rubuta tambaya, sai ya fayyace canjin da yake so ya gani a wurin ɗalibi. A littafinsa na 1949 ya tsara aikin manhaja bisa abu huɗu: manufa, ayyukan da za su kai ga manufar, yadda za a jera su, da yadda za a tabbatar an cim mata.

Almajirinsa, Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago, shi ya ci gaba da aikin. A 1948 jami'an jarrabawa na jami'o'i suka haɗu a Boston, suna neman ma'auni ɗaya da zai ba su damar musayar tambayoyi. Sakamakon ya fito a 1956, aka kasa aikin hankali hawa shida: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, tsettsefewa, harhaɗawa, da yanke hukunci. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka sake fasalin jerin, suka sa ƙirƙira a hawan ƙoli.

A 1962 Robert Mager ya ƙara tsananta sharaɗin. A ganinsa kalmomi irin su "sani" da "fahimta" ba su isa ba, domin ba mai iya ganinsu. Sai a faɗi aikin da ɗalibi zai yi, da halin da zai yi shi a ciki, da gwargwadon da za a karɓa. Amma ba kowa ya yarda ba. Elliot Eisner a 1967, da Lawrence Stenhouse na Ingila a 1975, sun yi gargaɗin cewa ilmi mai zurfi yakan haifar da abin da malami bai zata ba, kuma idan aka tsaya kan abin da ke da sauƙin awo kaɗai, to, za a yar da mafi daraja. A 1996 John Biggs ya komar da maganar tushenta, ya ce dole manufa da koyarwa da jarrabawa su dace da juna, domin ɗalibi jarrabawa yake duba kafin ya san abin da zai karanta.

Bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999, wadda ƙasashen Turai 29 suka sa wa hannu, sannu a hankali rubuta manufofin koyo ya zama ƙa'idar hukuma. A Nijeriya ma, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da mizanin karatu mafi ƙanƙanta a 1989, ta sabunta shi a 2007, sa'an nan a 2022 ta kawo sabuwar manhaja mai jera manufofin kowane darasi, ta bar wa jami'o'i kashi 30 cikin 100 su tsara da kansu.

To, haɗarin da ke tattare da kowace ƙa'idar hukuma shi ne ta koma cike takarda. Idan manhaja ta ce ɗalibi zai iya tsettsefe kasafin kuɗi, amma jarrabawa ta nemi ya lissafo sassansa kurum, an koma matsalar da Tyler ya tarar a 1929, kuma ma'aikatar da ta ɗauki mai wannan digiri ita za ta ɗanɗana kuɗarta. Saboda haka jami'in da aka aika duba manhaja, ya kamata ya nemi takardun jarrabawa da amsoshin ɗalibai, ya gwada su da abin da aka rubuta.