Alkaki da Nakiya a Tarihin Garar Hausawa

Sunayen wasu kayan zaƙin Hausawa suna nuna hanyar da suka biyo. Alkaki ya samo asali daga kalmar Larabci ka'ak, alewa daga halawa, ita ma alkama sunanta na Larabci ne. Ga alama fataucin Sahara, wanda ya haɗa Kano da Gadamas da Tarabulus, shi ya kawo su.

Kafin sukarin masana'anta ya wadata (kamfanin Bacita bai fara aiki ba sai 1964), zuma da mazarƙwaila su ne zaƙin gida, alkama kuwa ta masu hali ce. Saboda haka ba a ganin alkaki sai da biki. Dangin amarya su taru, a yini ana dakan shinkafar nakiya, a jera a fanteka a kai gara gidan ango. Nakiya takan yi watanni cikin kwalla ba ta lalace ba, uwa tana gutsuro wa yaro kaɗan-kaɗan.

A ganina wannan ƙaranci ne ya ɗaure zaƙin da ɗakin uwa. Bahaushen Sabo a Ibadan yana iya sayen nakiya a leda, amma har yau yakan yi sallahu a kawo masa ta gida.