Me ya sa kwamfuta ke ɗaukewa idan aka jona mata ma'ajiyar RAID?

Masu ɗaukar bidiyon bukukuwan aure da na al'ada, irin su bikin Uhola da ake yi duk shekara a Zuru ta jihar Kebbi, kan tara hotuna masu nauyin da faifan kwamfuta ɗaya ba ya iya ɗauka.

Wannan ne ya sa wasu masu tace bidiyo ke sayen akwatin ajiya na RAID. Sai dai a wasu lokuta, da zarar an jona shi, kwamfutar takan daskare ko ta kashe kanta, lamarin da ka iya jawo asarar aikin watanni.

Mene ne RAID?

Tsari ne na haɗa faifan ajiya biyu ko fiye su yi aiki tamkar guda ɗaya. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar California da ke Berkeley a Amurka ne suka yi bayaninsa a wata maƙala a 1988.

RAID 0 na rarraba bayanai domin sauri, amma idan faifai ɗaya ya lalace, komai ya tafi. RAID 1 na ajiye kwafi biyu. RAID 5 na buƙatar aƙalla faifai uku, kuma yana jure mutuwar ɗaya kacal.

Daga ina matsalar take?

Wutar lantarki ce abin da ake fara zargi. Manyan faifai na jan wuta sosai a lokacin da suke fara juyawa, alhali kafar USB 3.0 ba ta bayar da fiye da wat 4.5. Idan cajar akwatin ta yi rauni, ko wutar janareto na hawa da sauka, faifan kan yanke a tsakiyar aiki.

Sauran dalilan sun haɗa da lalatacciyar waya, da tsohuwar manhajar direba wadda ba ta jituwa da kwamfutar, da kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka har akwatin ya yi zafi.

Yadda ake gano laifin

Ana farawa da kunna akwatin shi kaɗai, a jira faifan su daidaita, sannan a jona shi kai tsaye ba tare da mahaɗa ba.

Idan matsalar ta ci gaba, sai a sauya waya, a kuma gwada akwatin a wata kwamfutar. Idan ita ma ta ɗauke, laifin na akwatin ne. Idan ta yi aiki lafiya, sai a koma kan direba ko kafar kwamfutar farko.

Windows na nuna lambar kuskure a lokacin da ya ɗauke, yana kuma adana bayanin a Event Viewer. Sau da yawa bayanin kan nuna direban da ya haddasa matsalar, wanda za a sabunta daga shafin kamfanin da ya ƙera akwatin.

Abin da ya kamata a kiyaye

Idan kwamfuta ta nemi a yi wa faifan fomat, kada a amince, domin hakan na iya raba mutum da bayanansa.

Haka kuma, kafin a sake gina RAID 5 da ya rasa faifai ɗaya, ya kamata a kwashe muhimman bayanai, saboda mutuwar faifai na biyu a lokacin na nufin asarar komai.

Na'urar UPS na kare akwatin daga ɗaukewar wuta kwatsam, amma RAID ba ya dawo da abin da aka goge bisa kuskure. Kwafin da aka ajiye a wani wuri daban ne kawai ke iya yin hakan.